Tafiyar Babbar Sallah zuwa Kano a shekara ta biyu ta korona

Tun farkon watan Yulin 2020 gwamnati ta ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, saboda haka a hukumance babu abin da ya hana ni zuwa Kano, amma na ci gaba da yin sallolina a Abuja, domin mahaifiyata ta manyanta kuma tana fama da hawan jini, ni kuwa aikina na cuɗanya da jama'a ne, ina tsoron in kai mata abin da ban san ina ɗauke da shi ba. Sai da aka yi mini allurar rigakafi ta biyu a watan Yunin 2021 sannan hankalina ya kwanta, na sanar da gida cewa da ni za a yi Babbar Sallah. Ban gama shiri ba aka ba da sanarwa, ranar 8 ga Yuli, cewa an gano nau'in cutar da ake kira Delta a Najeriya, wanda aka ce ya fi na baya saurin yaɗuwa. Na yi ta juya maganar a raina, daga ƙarshe na ga cewa idan sai annobar ta ƙare zan ga mahaifiyata, to ban san ranar ganinta ba.

Ranar Laraba, 14 ga Yuli, na hau jirgin ƙasa daga tashar Idu zuwa Rigasa. A tashar ne na ga dokar korona da cikakken ƙarfinta. Tikiti ta waya ake saye tun farkon shekarar, a bakin ƙofa akwai ma'aikaci da na'urar auna zafin jiki yana ɗora wa kowa a goshi, ga sinadarin wanke hannu, kuma wanda bai sa takunkumi ba sai ya koma waje ya saya wurin yaran da ke talla. Kuɗin jirgin ma annobar ta taɓa shi, domin tun da aka dawo da jigila a ƙarshen Yulin 2020 aka kusan ninka shi, a kan cewa za a rage yawan fasinja don a samu tazara. To amma kafin mu wuce Kubwa takunkumin mafi yawanmu ya sauka zuwa haɓa, kuma hirar da ta cika taragon ba ta cutar ba ce. Ana maganar ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka sace a Kaduna ranar 5 ga watan, da Sarkin Kajuru da 'yan bindiga suka ɗauka daga gidansa kwana uku kafin tafiyarmu. Duk wanda ke cikin jirgin nan ya san abin da ya raba shi da titin Abuja zuwa Kaduna, kuma a lokacin muna ganin jirgin tudun mun tsira ne, domin harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022 bai zo a tunanin kowa ba.

Da fitarmu ƙofar tashar Rigasa kowa ya cusa takunkuminsa a aljihu. Na shiga adaidaita sahu zuwa tashar Kawo, na samu motar Kano, mu huɗu a kujerar baya kafaɗa da kafaɗa. Umarnin rage fasinja da aka bayar lokacin kulle ya daɗe da mutuwa, amma ƙarin kuɗin da aka yi da sunansa yana nan daram. Ni kaɗai ne da takunkumi a motar, direban ya dube ni ta madubi ya ce, “Alhaji, daga jirgi kake ko? Ai korona ta ku ce, masu hawa jirgi. Mu nan yunwa ce ke damunmu.” Ban yi musu da shi ba, ko da yake ban yarda da rabin maganarsa na farko ba. Ana aikin faɗaɗa hanyar, an karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya a wurare da dama, ga tireloli cike da dabbobi suna yin kudu, saboda haka sai bayan magariba muka wuce Kura muka shiga gari.

Na tarar da Hajiya a tsakar gida a kan darduma. Na durƙusa na gaishe ta daga ɗan nesa, ta amsa, ta ƙare mini kallo, sannan ta ce, “Ɗan nan, cire ƙyallen nan in ga fuskarka, ko kuwa baƙo aka aiko mini?” Na ce, “Hajiya, daga hanya nake, bari in yi wanka tukuna.” Na yi wankan, na canja kaya, na dawo na zauna kusa da ita babu takunkumi, kuma haka na zauna da ita har na bar garin. Abin da na iya kiyayewa shi ne ban shiga wurinta da kayan da na yi yawon kasuwa da su ba, kuma muna yin hirarmu a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Washegari Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, kuma ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya riga ya shirya cewa can za mu je neman ragon layya. A ranar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kano ya aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Kaduna, don haka muka yi sammako tun bayan asuba muka kama mota a Yankaba kafin a fara tare hanyoyi. Muka bi ta Gezawa da Gujungu da Gumel. Damina ta zauna sosai, gero da dawa sun yi kore shar a gefen hanya, manoma sun duƙufa, kuma tun daga fitarmu Kano har muka isa bakin iyaka ban ga mutum ɗaya da takunkumi ba, in ban da wani allo da ya koɗe a ƙofar wani asibiti mai ɗauke da hoton yadda ake wanke hannu.

Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka sake buɗewa a watan Disamban 2020, bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2019, kafin ma a san da korona. Kasuwar ta cika maƙil. Ga balami farare dogaye, ga uda masu rabin jiki baƙi rabi fari da aka koro daga ƙasar Damagaram, ga 'yankasa, ga fatake daga kudu suna loda tireloli. Dillalin da Baffa ya saba da shi ya kama hannuna ya riƙe har muka gama gaisawa, ya ja mu cikin turke-turke yana buɗe bakin raguna yana nuna mana haƙora. Farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabi, kuma kowa da dalilin da yake bayarwa. Mutanen Nijar suna cewa naira ta faɗi a gaban sefa, har dala ta kai wajen naira 500 a kasuwar bayan fage, saboda haka idan suka sayar da arha suka canja kuɗin babu abin da za su koma da shi gida. Masu kiwon gida suna kukan tsadar dusa da ƙowa da harawa. Wasu kuma suna cewa dabbobin da a da ake kawowa daga Zamfara da Katsina sun ragu saboda satar shanu. Duk gaskiya ne, kuma alƙaluman gwamnati na watan Yuni sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 21 cikin ɗari. Kuɗin da na ware don babban rago matsakaici ya saya mini, shi ma bayan doguwar tayawa da albarka. Baffa ya fasa sayen nasa, ya ce zai shiga watandar sa da maƙwabtansa, mutum bakwai, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi.

A hanyar dawowa, ragon na ɗaure a bayan mota yana kuka, Baffa ya buɗe mini abin da ke cin ransa. Ya biya kuɗin kujerar Makka tun kafin annobar, bayan ya sayar da wani fili da ya gada, kuma bai taɓa zuwa ba. A 2020 Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji ga mutane ƙalilan mazauna ƙasar, ya yi haƙuri ya bar kuɗinsa a hukumar alhazai. A watan Yunin 2021 aka sake sanar da cewa mutum 60,000 kawai za su yi aikin, dukansu daga cikin ƙasar, alhali a 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi ne suka tsaya a Arfa, kuma Najeriya kaɗai kujera 95,000 ake ba ta. Ya ce, “Ɗana, kuɗin nan kullum raguwa yake yi yana ajiye, ni ma kullum raguwa nake yi. Wasu sun karɓi nasu, ni ba zan karɓa ba, domin in na karɓa cinye shi za a yi.” Ban sami abin ce masa ba sai addu'a. Masu cewa korona ba ta taɓa talakan Arewa ba, da sun zauna kusa da dattijon nan a motar da sun sassauta.

Ranakun da suka biyo baya na yi su ne a cikin hidimar da kowane mai gida ya sani. Kantin Kwari ba masaka tsinke, sai dai 'yan kasuwa suna cewa masu taya kaya sun fi masu saye yawa, kuma da yawa sun sauka daga shadda zuwa yadi. Telanmu ya ce bai kwana a shago ba kamar yadda ya saba a daren sallolin da, domin magidanta da dama sun ce yara su maimaita kayan Ƙaramar Sallah. A banki kaɗai na sake cin karo da dokar: an kafa rumfa a waje, an jera kujeru, mai gadi yana raba lamba, ba a shiga sai da takunkumi. Na ga wani ya fito ya cire nasa ya miƙa wa abokinsa da ke kan layi, shi kuma ya ɗaura ya shiga. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ya nuna cewa an koya wa mutane bin umarnin mai gadi, ba a fahimtar da su abin da ƙyallen yake karewa ba.

Ranar Lahadi, 18 ga wata, kwamitin shugaban ƙasa kan korona ya sanya jihohi shida da Abuja cikin jerin wuraren da ake fargabar cutar za ta sake ɓarkewa: Legas, Oyo, Ribas, Kaduna, Filato da Kano. Kwamitin ya ba da shawarar a rarraba sallar Idi zuwa masallatan Juma'a na unguwanni, a yi ta a fili, kuma a dakatar da hawan sallah. Ba a jima ba gwamnatin Kano ta sanar da soke hawan a masarautu biyar na jihar a wancan lokaci, wato Kano da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, amma ta ce za a yi Idi. A majalisar ƙofar gidanmu labarin bai yi wa kowa daɗi ba. Tambayar da aka yi ta maimaitawa ita ce, makonni biyu da suka wuce, ranar 3 ga Yuli, an cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wajen bikin ba Sarki Aminu Ado Bayero sandar mulki, manya sun zo daga ko'ina, to a lokacin cutar ba ta nan ne? Na yi ƙoƙarin bayyana cewa sanarwar gano Delta ta zo ne bayan bikin, kuma adadin masu kamuwa ya fara hawa a Legas. Wani dattijo ya ce, “Malam, mun ji. Amma kasuwa a buɗe, gidan biki a buɗe, taron siyasa a buɗe, doki kaɗai ne ke ɗauke da ita?” A ganina soke hawan yana da hujja, domin babu taron da ke matse mutane wuri guda kamar Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, amma dokar da ake ɗagawa yau a sauke gobe ba ta samun wanda zai yarda da ita, kuma laifin wannan ba na mutanen majalisa ba ne.

Ranar Litinin muka tashi da azumin Arfa. Na je gidan Baffa da hantsi na same shi a gaban talabijin yana kallon alhazan da suka samu dama, kowa da takunkumi, an ba da tazara tsakaninsu, filin da aka saba gani cike ya zama da sarari. Bai ce komai ba sai tasbihi, ni ma na zauna tare da shi har aka gama huɗuba.

Ranar Talata, 20 ga Yuli, aka yi Idi. Mun bi shawarar hukuma mun yi salla a filin da ke kusa da unguwarmu. Sahu ya haɗu kafaɗa da kafaɗa kamar kullum, masu takunkumi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, liman ya yi addu'ar Allah ya yaye annoba, ya kawo zaman lafiya, ya ba da damina mai albarka, kuma amin ɗin da aka amsa wa addu'ar zaman lafiya ta fi ƙarfi. Bayan sallama aka shiga musabaha. Na yi niyyar in tsaya a ɗora hannu a ƙirji, amma da abokin mahaifina, tsoho mai sanda, ya miƙo mini hannu biyu, ban ga yadda zan bar su a iska ba. Na karɓa, na rusuna, da na koma gida na wanke hannuna da sabulu. Muka yanka ragon, aka feɗe, mata suka soya kayan ciki, aka rataye sauran ya sha iska har washegari kamar yadda aka saba a Kano. Yara suka fita yawon sallah da lalle da sababbin takalma, masu sababbin ke nan, suna karɓar barka da sallah gida gida.

Ranar Laraba da la'asar, lokacin da a ce ana hawa da gari ya ɗauki ƙarar bindigogi da algaita, na leƙa gidan wani maƙwabcinmu wanda sana'arsa ke nan kula da dawakin wani hakimi da ba da hayar kayan doki. Na same shi a barga yana goge wani ingarma da aka yi watanni ana ciyarwa domin wannan rana. Ya buɗe mini ɗakin kayansa: sirdi da likkafa da linzami da jalala, ga rawuna da alkyabbu, wasu ya ci bashi ya sabunta su bayan sallolin 2020 sun wuce babu hawa. Ya ce, “Yallaɓai, doki bai san an soke hawa ba, sai ya ci.” Daga nan ya shiga lissafa mini waɗanda ke ci daga hawan: masu ɗinkin kayan doki, maƙera, makaɗa da maroƙa, masu ɗaukar hoto, yaran da ke jan dawaki, mata masu sayar da zoɓo da kunun aya, har masu adaidaita da ke kwasar 'yan kallo daga Ƙofar Nassarawa. Waɗannan mutane a kwana huɗu ko biyar suke samun abin da zai riƙe su watanni, kuma an sanar da su sokewar ne bayan sun gama kashe kuɗin shiri. Ban ji an yi maganar rage musu asara ba. Da yamma wasu samari suka fito kilisa a lungunan unguwa, yara suka bi su da gudu suna ihu, iyakar hawan da na gani ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar shi ne zagayen gaisuwa. Hajiya ta lissafa mini gidajen da zan shiga, kuma kusan rabinsu gaisuwar sallah ce haɗe da ta'aziyyar da na yi ta waya ban yi ido da ido ba. A zaure bayan zaure na tarar da buzu ko kujerar da na saba samun wani dattijo a kai, yanzu ɗansa ne ke karɓar gaisuwa. Da yawansu sun rasu ne a tsakanin Afrilu da Mayun 2020, makonnin da masu haƙar kabari a Dandolo da Abbatuwa suka ce ba su taɓa ganin yawan gawa irin haka ba, lokacin da Kano ta rasa malamai da farfesoshi da tsofaffin ma'aikata a jere, har da Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka rufe gari, cibiyar gwajin da ake da ita ta tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ƙofa saboda tsoro. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. A gidajen da na shiga babu wanda ya ambaci sunan cutar. Za a ce zazzaɓi ne na kwana uku, ko numfashinsa ne ya sarƙe, ko ciwon sugansa ne ya tashi aka rasa asibitin da zai karɓe shi, sannan a ce kwana ne ya ƙare. Ban ga dalilin yin gardama da mai makoki ba, kuma wanda aka mayar daga ƙofar asibiti ya rasu a mota, annobar ce ta yi sanadinsa ko da ba ta shiga jikinsa ba.

A ɗaya daga cikin gidajen na tarar da wata damuwar dabam. An kwantar da yara biyu saboda amai da gudawa, kuma matar gidan ta ce unguwar tasu kusan kowane layi akwai wanda aka sa wa ƙarin ruwa. Kwalara ta yi ɓarna ƙwarai a daminar nan a Kano da Jigawa da Bauchi, kuma zuwa ƙarshen 2021 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, adadin da ya zarce duk waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a Najeriya tun daga Fabrairun 2020 har zuwa lokacin. A ƙofar masallatai da makarantu na ga bokitan famfo da aka ajiye a farkon annoba don wanke hannu, yawancinsu a bushe, wasu sun fashe. Da an ci gaba da zuba musu ruwa da ajiye sabulu, da sun yi aikin da ya fi wanda aka kawo su dominsa. Amma a unguwar da ake sayen ruwa jarka jarka wurin 'yan garuwa, wa zai cika bokitin masallaci kullum? Wanda ke zaune a irin wannan wuri idan ya ce korona ba ita ce gabansa ba, lissafinsa yake yi da abin da yake gani.

Daren da zan koma na kawo wa Hajiya maganar rigakafi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tuna mini abin da kowane ɗan Kano mai shekaru ya sani: annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, yara 11 cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin suka rasu. Kamfanin ya musanta cewa maganinsa ne sanadi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan inna a jihar a 2003 har zuwa shekarar da ta biyo baya. Na ce mata gaskiya ne an yi haka, amma allurar shan innar da aka ƙi daga baya aka karɓa, da taimakon sarakuna da malamai, kuma ita ce ta sa a watan Agustan 2020 aka tabbatar nau'in cutar na daji ya bar Afirka. Na nuna mata katina, na ce ga ni a gabanta lafiya lau. Ta ce, “To, in Baffanku zai je, sai mu tafi tare.” Baffa kuwa ba ya buƙatar lallashi, domin ya ji cewa Saudiyya ba za ta karɓi wanda bai yi ba. Matsalar ita ce a makon nan babu allurar. Kashin farko na AstraZeneca da ya iso Abuja ranar 2 ga Maris, ƙasa kaɗan da miliyan huɗu ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ya ƙare tun farkon Yuli. Ana ta zargin mutanenmu da ƙin rigakafi a daidai lokacin da mai so ma ba zai samu ba.

Na kamo hanya ranar Juma'a da bokitin soyayyen nama da Hajiya ta cika ta ɗaure da leda, na sake bin Zariya da Kawo da Rigasa, na lalubo takunkumina a aljihu a ƙofar tasha. Na ɗan keɓe kaina a gida na wasu kwanaki kafin in koma ofis, ban ji komai ba, su ma a Kano babu wanda ya kwanta.

Allurar Moderna miliyan huɗu da Amurka ta bayar ta iso a farkon Agusta, aka buɗe zagaye na biyu a tsakiyar watan, ƙanwata ta raka Hajiya da Baffa asibitin unguwa aka yi musu, suka koma aka yi ta biyu. Baffa ya sa aka lulluɓe katinsa da leda ya ajiye tare da fasfonsa da takardar shaidar biyan kuɗin kujera. A watan Afrilun 2022 Saudiyya ta sanar da cewa za ta karɓi alhazai miliyan ɗaya har da na ƙasashen waje, Najeriya ta samu kujera 43,008, amma da sharaɗin cewa maniyyaci bai kai shekara 65 ba. Baffa ya haura saba'in. Na kira shi a daren da labarin ya fito, ya ce ya riga ya ji a rediyo, kuma ya gaya wa jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsu cewa a bar kuɗinsa inda yake zuwa baɗi.